Kwalaben Kawu

Kwana uku na yi a tabarmar mata a gidan Kawu, a Unguwar Tudu, ina sauraron irin addu'ar da mutanen Gwarzo suke yi masa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mai ta'aziyya zai shigo ya ce Allah ya jiƙansa, mu ce amin. Ya ce Allah ya sa ya huta, mu ce amin. Daga nan sai ya rage murya ya ƙara da cewa Allah ya yafe masa abin da ya taɓa. Wannan ƙarin ne na kasa amsawa. Umma, mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa, ta yi ta zungurata da gwiwar hannu, ni kuwa na ƙi buɗe baki.

Wata tsohuwa daga Kara ta ce mutum ne mai zumunci, bai taɓa wuce ƙofarta bai tsaya ba, sai dai boko ya yi masa yawa. Matar mai injin niƙa tana zaune a bayana, tana ba wa ta kusa da ita labari a hankali, wai mijinta da idonsa ya ga ƙarfe yana tashi shi kaɗai yana zuwa hannun marigayi. Tsofaffin ɗalibansa sun zo da motoci sun cika layin. Ɗayansu, wanda yanzu babba ne a ƙaramar hukuma, ya miƙe a zauren maza ya yi jawabi mai tsawo, ya ce an yi rashin gwanin lissafi. Kawu bai taɓa koyar da lissafi ba ko na kwana ɗaya. Shekara biyar mutumin nan ya yi yana zama a gabansa, amma ko darasin da aka koya masa bai riƙe ba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Kabo, kuma shi ya ɗora ni a kan wannan hanya. Na zauna na rubuta wannan ne don kada garinmu ya ajiye shi a ransa a matsayin boka. Akwai kuma dalili na biyu. A abin da aka yi masa bayan ya rasu ina da nawa kason, kuma ba na so in mutu ban faɗa ba.

Su uku ne a ɗakinsu: wansa Kawu Babba, sai shi, sai Umma. A zamanin da kuɗin mai ya yi yawa gwamnati ta tura shi Turai, ya yi karatu har ya zama dakta a kan maganaɗisun ƙarafa. Ya dawo da akwatin littattafai da wani gwangwanin biskit. A cikin gwangwanin akwai kwalabe goma sha biyu, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba, kowace da 'yan ƙwayoyi koraye kamar gishirin da aka rina. Ya karce lamba a jikin gilashin kowace, don ya san gara da kyankyasai ba sa barin takarda a ƙasar nan.

A gonarsa ta Kara ya yi mini bayanin abin da ke ciki, lokacin ina aji huɗu a sakandare. Ana huɗa, muna tsaye a bakin kunya, ya nuna mini shanun. Ya ce kowace ƙwayar zarra ta wasu ƙarafa tana da nata ɗan maganaɗisu. Akwai wani ƙarfe mai wuyar samu, gadoliniyam, ƙarfinsa bakwai. Jan ƙarfe kuwa, wanda ake wayar lantarki da shi, ƙarfinsa ɗaya. Aikinsa shi ne ya ƙera wani sinadari da zai riƙe su biyun a wuri ɗaya, kamar yadda karkiya ta riƙe shanun can, babba da ƙarami. In suka ja gefe guda, ƙarfin ya zama takwas. In ƙaramin ya juya wa babban baya, sai ya rage shida. Na tambaye shi nasa nawa ne, ya ce bai sani ba.

Na zaci gwada ni yake yi. Ya ce a'a. A zafin da muke rayuwa a ciki, ƙwayoyin rawa suke yi kullum, ba sa tsayawa a ga inda suka dosa. Sai an sa su a wani inji da ke sanyaya abu da ruwan hiliyam, sanyin da ƙanƙara ma wuta ce a kusa da shi, sannan su natsu a auna. Sau goma sha biyu ya haɗa sinadarin, kwalba ta tara kaɗai ta fito tsaf yadda ake so, kuma shi kansa bai san abin da ya yi daban a ranar ba. Ta fito ne ana saura makonni kaɗan ya dawo gida. Malaminsa na can ya ce ya bar ta a auna masa. Kawu ya ƙi. Ya ce wa Baturen ai ƙasarsa ma tana da jami'a, kuma an riga an yi odar injin.

Wannan girman kai nasa ne, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya ya faɗa, an yi odar. Jami'a ta ɗauke shi aiki, aka nuna masa ɗakin da za a girke injin, har aka ja masa waya. Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Da farko aka ce injin yana tashar jirgin ruwa. Daga baya aka ce takardar shigo da shi ce ta daina aiki. Daga baya aka daina cewa komai, aka mai da ɗakin wurin ajiye karyayyun kujeru. A shekarun nan ne kuma manyan wurin suka sake motoci. Kawu ya yi ta rubuta wasiƙu har wata rana a taro ya miƙe ya tambayi shugaban sashensu, a gaban kowa, ko aljihun talaka ne kawai yake da bakin da ake tsukewa. Da aka zo rage ma'aikata, sunansa na cikin na farko. Ya tattaro ya dawo Gwarzo ya kama koyarwa a sakandare, mutane suka ce Turai ta ƙare a alli.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. In ka ce masa abu, sai ya ce wa ya auna. In lokacin sanyi ya zo, mutane suna ƙudundune suna kuka da shi, yakan ce wannan ai ba sanyi ba ne, zafi ne da ya ɗan ragu. In aka kawo masa rikicin gida, na miji da mata ko na wa da ƙani, yakan saurara har ƙarshe sannan ya ce, to ku yanzu takwas ne ko shida? Ba kowa ke gane nufinsa ba, shi kuma ba ya damuwa ya fassara. Mu 'yan gida mun ɗauki maganar, har Umma takan ce yau gidan nan shida muka tashi.

Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya sauko da gwangwanin. Ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya a hasken taga ya ga ko sun dusashe. A ƙasan gwangwanin akwai wasu 'yan duwatsu shuɗɗa masu shanye danshi. In launinsu ya juya, sai ya soya su a kaskon matarsa har su dawo shuɗɗa. Matar tasa, wadda muke kira Inna, ta yi faɗa a kan kaskon nan har ta gaji ta bar masa shi. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna ganin dattijo tsugune a gaban murhu ran Juma'a, yana juya duwatsu masu sake launi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa mene ne. Da sun tambaya da ya riƙe su har la'asar yana bayani.

Mai injin niƙan da na ambata, wata rana yana wasa haƙoran injinsa ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a ido. Aka riƙo shi yana kuka kamar yaro, motar asibiti babu mai. Kawu ya ɗauko wani maganaɗisu mai ƙarfi da ya zo da shi daga Turai, ya naɗe shi da tsumma mai tsabta, ya kusantar da shi a hankali, ɓarɓashin ya fito. Duk da haka ya goya shi a babur ya kai shi asibiti a duba idon, ya jira shi ya dawo da shi. Mayen ƙarfe ne, ko yaran makanikai suna wasa da irinsa. Amma da labarin ya zaga gari sai ya zama wai tofi ya yi. Idon da aka ceto, da shi mutumin ya ce ya ga asiri.

Mutum ɗaya ne a Gwarzo yake zama ya saurare shi, wato maƙwabcinsa, malamin lissafi, Kirista ɗan Filato da kowa ke kira Tica. Kullum da yamma suna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da rediyo a tsakaninsu, suna musu a kan labaran duniya. Tica ne ya samo masa wata tsohuwar mujallar kimiyya, inda aka nuna wasu a Turai sun auna haɗin ƙarafan nan biyu sun samu takwas. Na ɗauka zai ji daɗi, don abin da ya yi zato ke nan tun farko. Kwana biyu bai ci abinci sosai ba. A na uku ya ce karkiyarsu daban, tasa daban, kuma ba a aron awo. Ya ci gaba da soya duwatsunsa.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Kawu har birni ya je, ya dawo muryarsa a dashe don kabbara. Mutum ne da ba ya rasa sahun farko. Ya ce wa Tica kada ya ji tsoro, yanzu za a fara da waɗanda suka cinye injuna da magungunan asibiti. Ba a fara da su ba. Shi aka fara zuwa wa. Wata rana da hantsi wasu matasa 'yan sa-kai suka yi sallama, rabinsu ɗalibansa ne na da, suka ce an kai musu ƙarar wasu kwalabe. Ya sa aka fito da benci, ya jingina allo a katanga, ya zana musu shanu biyu da karkiya, ya yi musu darasi fiye da awa ɗaya. Ya miƙa musu kwalba su riƙe, kowa ya mai da hannu baya. Suka tashi sum-sum suka fita. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa ya ɗaure musu baki.

A nan ya saɓa da Kawu Babba. Wansa ya zo ya ce sunan gidansu ne ake ja a ƙasa, ya rabu da tarkacen nan kowa ya huta. Kawu ya ce, "Yaya, zauna in buɗe maka ka gani da idonka. Minti goma." Kawu Babba ya ce shi ba ya kallon abin da bai sani ba. Shekara guda suka yi gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Ba na cewa Kawu Babba mugu ne. Ya riƙe marayu, ya gina wa unguwa rijiya. Amma minti goma aka roƙe shi, ɗan uwansa ciki ɗaya, ya hana.

Ba a daɗe ba Tica ya nemi canjin wurin aiki. Ba wanda ya kore shi, amma an daina aiko masa da tuwon sallah, an daina barin yara su je gidansa karatun yamma. Ranar da ya tashi, Kawu ne kaɗai a layin ya taya shi loda kaya a mota, yana da shekara sittin da wani abu, sauran suna zaune a dakali suna kallo. Tun daga ranar ba a ƙara fito da rediyo ƙarƙashin darbejiya ba.

Shekaru suka wuce, wayar hannu ta shigo. Wata rana Kawu ya zo har makarantarmu a Kabo, abin da bai taɓa yi ba, yana tafe yana sauri kamar saurayi. Tica ya kira shi daga Jos. Ɗansa na fari, wanda Kawu ya koyar, yana karatu a waje a wurin da suke da injin nan mai sanyi. Ya zo hutun Kirsimeti, zai koma bayan sabuwar shekara, kuma ya ce a kawo masa kwalbar ya tafi da ita. Kawu bai yarda da gidan waya ba, ƙafafunsa kuma sun fara kumbura, likita ya hana shi doguwar tafiya. Ya ce ni zan kai. Ya ce in biyo shi yanzu mu je in ɗauka. Na ce ina da takardun jarrabawa a gabana ban gama dubawa ba, ya bari sai Asabar.

Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Shekara ashirin da wani abu na jira. Asabar ba nisa."

Ran Alhamis bayan la'asar ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Kafin in iso daga Kabo an rufe shi da mayafi.

Washegari na shiga ɗakinsa ɗauko wa baƙi tabarma, na ga gwangwanin a inda yake kullum, a saman kabad. Ba kowa a ɗakin. Saura kwana tara ɗan Tica ya koma. Hannu kawai zan miƙa in zare kwalba ɗaya in sa a lalitata, ba wanda zai sani har abada. Ban yi ba. An raine mu a kan cewa kayan mamaci ba a taɓa ko allura sai an raba gado, ni kuma 'yar ƙanwa ce, ba ni da gado a gidan. Na ji kunyar a ce ana makoki ni ina ɗaukar kaya. Don haka na yi abin da 'yar mutunci take yi. Na jira zaure ya ragu, na je na durƙusa a gaban Kawu Babba, tunda shi ne babba a gidan, na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla, na nemi izinin kwalba ɗaya. Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, ashe suna nan har yanzu? Na ce suna nan. Ya ce to, za a duba.

Ashe ya manta da su. Ni na tuna masa.

Ran sadakar uku na yi sammako zuwa Kabo in nemi ƙarin hutu a gidan shugabar makaranta, don in wuce Jos washegari. Na dawo da hantsi, an gama addu'a, ana rabon waina. Ina shiga tsakar gida na hangi wani faifai a rana kusa da randa. An jera ƙananan kwalabe a kai, a kife, an wanke su fes, murafensu a gefe. Na ƙirga, goma sha biyu. Na ɗauki ɗaya na juya, na ga tara a karce a jikin gilashin. Ruwa na ɗiga daga bakinta.

A garinmu in aka tono laya ko aka tsinci wani ƙulli da ake zargi, masai ake jefa shi, wai ƙazanta ce take karya asiri. Kowa ya san wannan, ni ma na sani. Ban tsaya tambayar kowa ba, na wuce ɗakin Inna. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, mata biyu suna gefenta. Na ce su ba mu wuri. Ban gaishe ta ba, karo na farko a rayuwata. Na nuna mata kwalbar na ce wa ya yi wannan.

Ta ce ita ce. Kawu Babba ne ya zo bayan na fita, ya ce a jefa gwangwanin gaba ɗaya a masai kafin malamai su zauna addu'a. Ta ce ba za ta bari wani ya taɓa kayan mijinta ba, ta karɓa ta shiga da kanta.

Na fara faɗa. Na ce shekara nawa tana gidan nan, ta ga yana soya duwatsu a kaskonta, ta san ba tsafi ba ne, ta fi kowa sani. Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta ce, "Na sani. Kwana uku ina kwance a nan ina jin abin da ake faɗa a tsakar gidana. Mutumin da bai taɓa barin asuba ta wuce shi ba ake nema wa gafarar shirka. Ke za ki koma Kabo. Ni da 'ya'yansa a nan za mu zauna, kuma akwai biyu da ba su yi aure ba."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi kwalbar da ke hannuna.

"Na zazzage su ne kawai," ta ce. "Kwalaben masu kyau ne, murafensu ba sa yoyo. Hannuna ya ƙi jefa su. Ki ɗauki wadda kike so."

Matar nan ta yi zaman aure a shekarun da ake raba sabulu gida huɗu, ake wanke ledar burodi a shanya. Ba ta taɓa yar da kwalba ba a rayuwarta. Na so in ji haushinta, na kasa riƙe shi. Na fita zaure wurin Kawu Babba, a gaban baƙinsa, na ce masa ya san abin da ya sa aka zubar? Ya ce ya kare ƙaninsa ne, kuma mace ba ta ɗaga murya a zaure. Na ce minti goma ya roƙe ka. Umma ce ta zo ta janye ni. Har yau ana ba da labarina a unguwar, wai 'yar boko ta yi rashin kunya ran sadakar uku, kuma ban je na ba da haƙuri ba.

Da yamma na kira Tica. Na gaya masa abin da ya faru. Sai ya tambaya ko littafin da Kawu ya rubuta aikinsa a ciki na nan. Yana nan, ba wanda ya kula da shi, tunda takarda ce da rubutun boko. Na kwafi shafukan na aika. Bayan watanni ɗansa ya aiko cewa ya bi hanyar haɗin sau da yawa, abin da ke fitowa gari ne kawai, ƙwayar ta ƙi fita. Ban yi mamaki ba. Mai ita ma sau ɗaya ta zo masa.

Nakan zauna in rarraba laifin nan, kuma kowa yana samun rabonsa. Waɗanda suka nuna masa ɗaki suka ja waya suka sayi motoci. Matasan da ya koyar, da suka gwammace su ce an ɗaure musu baki da su ce ba su gane darasi ba. Mai injin niƙa da idonsa. Kawu Babba. Shi kansa marigayin, da ya ƙi barin kwalba ɗaya a inda za a auna ta saboda yana son ƙasarsa ta ci sunan. Amma duk waɗannan, shekara ashirin da wani abu suka yi ba su iya raba shi da ita ba. Ni kwana biyar kawai aka ba ni. Na ce sai Asabar saboda takardun jarrabawa, sannan na tsaya a gaban kabad ni kaɗai na zaɓi a ce ina da kunya.

A shafin ƙarshe da ya yi rubutu a littafin, ya ja layuka da rula, gida biyu. A gidan hagu ya jera ma'aunin sanyi, daga zafin ɗaki yana sauka har ƙasan shafi. A gidan dama, inda za a rubuta abin da injin ya nuna, layin farko ne kawai a cike, wanda ya auna tun a Turai. Sauran fari ne tas. Tawadar ta tsufa ta koma ruwan ƙasa, amma na lura ya bi layukan da sabon biro, ba daɗewa, ina jin a makon da Tica ya kira.

Ya Allah, bawanka ne, ka fi mu sanin abin da ke cikin gwangwaninsa da abin da ke cikin zuciyarsa. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka haɗa shi da waɗanda suka nemi sanin halittarka ba su gaji ba. Ka gafarta masa zafin ransa da girman kansa, waɗannan na shaida yana da su. Abin da suka ce ya taɓa kuwa, ba na nema masa gafararsa, don bai taɓa ba.

Kwalba ta tara tana kan teburina a makaranta. Duk shekara in na zo darasin maganaɗisu da 'yan aji shida, nakan zana musu shanu biyu da karkiya, babba bakwai, ƙarami ɗaya. Kullum sai an samu wadda za ta ɗaga hannu ta ce, Malama, to wannan na cikin kwalbar takwas ne ko shida? Nakan miƙa mata ta riƙe, ta ɗaga a hasken taga, ta ga babu komai a ciki. Sannan in rufe littafin darasi in gaya musu yadda aka yi, tun daga injin da bai iso ba har zuwa ranar da na durƙusa a zaure.